Wakili Yana Gida na Uku

Akwai wata mata da kowa a wurin aikinsu yake kira Injiniya, in ban da mahaifinta. Shi har ta fara furfura bai daina ce mata Uwata ba, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Tana aiki a wani kamfanin gwaje-gwajen lafiya, irin wanda likita yake tura mutum a ɗebi jininsa ko a ɗauki hoton ƙirjinsa. Kamfanin yana da rassa a unguwanni da dama, amma sakamakon kowane gwaji wuri ɗaya yake taruwa: wani ɗaki marar taga a bayan babban ofishi, mai sanyi kamar cikin firij, inda fankokin injuna suke gurnani ba hutawa.

Bari in yi muku bayanin ɗakin nan kaɗan, domin a kansa labarin ya rataya.

A cikinsa akwai manyan sabobi huɗu, baƙaƙen akwatunan ƙarfe a jere cikin kabad. Kowace ɗaya tana ɗauke da kwamfutoci da yawa a cikinta, waɗanda ba su da jiki, ba a ganinsu balle a taɓa su, amma kowace da aikinta. Wannan tana ajiye sakamakon gwaji, waccan tana ajiye hotuna, wata tana aika wa marasa lafiya saƙo a waya. Ma'aikata sun sauƙaƙa wa kansu magana: akwatunan ƙarfen su ne gidaje, kwamfutocin ciki kuma 'yan haya. Ana iya tashin ɗan haya daga wannan gida a kai shi wancan yana tsakiyar aikinsa, shi kansa bai sani ba.

Injiniya ta daɗe tana kula da gidajen nan ita kaɗai, kafin kamfani ya girma a ɗauko mata shugaba. Oga suke ce masa. A faɗi gaskiya, mutumin ya san aikinsa. Shi ya kawo wata kwamfuta ta musamman da take ba gidajen huɗu umarni daga allo ɗaya, kuma daga duk inda mutum yake. Kana zaune a ɗakinka, ka tayar da ɗan hayan da ya sandare, ka sauya masa gida, ka kashe, ka kunna. Aka sa mata suna Wakili.

Abin da za ku riƙe shi ne, Wakili ma ba shi da jiki. Shi ma ɗan haya ne a ɗaya daga cikin gidajen da yake mulka.

Ranar da aka kunna shi, Injiniya ta koma gida da farin cikin da ta daɗe ba ta yi ba, kuma tana da dalili.

Mahaifinta tsohon mai gyaran agogo ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da ya saba ɗaukar ƙusa mai ƙanƙanta kamar ƙwayar yashi ya koma ba ya iya riƙe kofi. Maganarsa ta yi nauyi, amma barkwancinsa bai tafi ko'ina ba. Ranakun aiki ƙanwarsa, Goggo, take zama da shi. Asabar da Lahadi Goggo tana komawa wajen nata iyalin, gida ya rage daga Baba sai Uwarsa.

"Baba, an kawo mana wani abu," ta ce tana gyara masa matashi. "Daga yau in injuna sun yi kuka ranar Asabar, daga nan kan kujerar nan zan rarrashe su."

Ya ɗaga girar da take ɗaguwa. "To ki gaida mini wanda ya ƙera shi, Uwata. Ya yi wa marayu biyu gata."

Ashe murnar ta yi gaggawa.

Cikin mako guda Oga ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ya kulle ƙofofinsu, ta yadda ba wanda zai iya magana da su sai ta bakin Wakili. Ƙananan wayoyin da ake bi ta baya a kunna gida in ya mutu, ya sa aka zare. Ya canza kalmar sirrin kowane gida, ya bar ta a kansa shi kaɗai. Sannan ya tsara Wakili ya riƙa amsa masa daga ko'ina a duniya, ita kuwa Injiniya ba zai amsa mata ba sai tana zaune a teburin da yake cikin ɗakin sanyi.

Ta tambaye shi dalili cikin ladabi.

"Tsaro, Madam," ya ce, idonsa a kan waya. "Ba kowa ake ba irin wannan dama ba. Akwai matakai."

Matakan nan su biyu ne rak a sashen: shi da ita.

Haka aka ci gaba. Aikin Asabar karɓa-karɓa suke yi, kuma duk wadda ta faɗo a kanta, in ɗan haya ya sandare, sai ta bar abin da take yi, ta shiga mota biyu, ta ratsa gari, ta shiga ɗakin sanyi ta danna abin da bai kai a sha rabin kofin shayi ba, ta sake shiga mota biyu ta dawo. Na'urar da aka sayo don a rage wa mutane zirga-zirga ta zama ado a jakar mutum ɗaya.

Ta yi haƙuri. Takan roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙa Baba, ta ajiye masa ruwa kusa, ta kunna masa rediyo.

Wata Asabar da hantsi aka kira daga wani reshe cewa saƙonni sun daina fita. Maƙwabciya ta tafi unguwa. Injiniya ta tsaya a tsakar ɗaki da waya a hannu, ta kira Oga.

"Yallaɓai, mai aika saƙo ne ya tsaya. Don Allah ka tayar da shi daga nan inda kake. Ba kowa a gida sai ni da Baba."

Tana jin ƙarar injin aski a bayansa.

"Asabar ɗin wa ce, Madam?"

"Tawa ce. Amma kai minti ɗaya zai ɗauke ka."

"In na fara yi miki naki, gobe kuma sai ki ce in zo in yi miki shara. Ki je ki yi aikinki."

Ta tafi. Aikin bai kai ta gama cire mayafinta ba ya ƙare. A hanyar dawowa kuma aka sami cunkoso.

Da ta buɗe ƙofa, rediyo yana ta magana shi kaɗai, gado ba kowa. Baba yana ƙasa tsakanin gado da bango, kuncinsa a kan siminti, kofi ya gangara can gefe. Ya miƙa hannu ne zai ɗauki ruwa jikin ya rinjaye shi. Tufafinsa sun jiƙe, kuma ba da ruwan kofin kaɗai ba. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake kwance a wurin.

Ta durƙusa tana kiran sunan Allah.

"Kada ki damu, Uwata," ya ce da ƙyar. "Na sauko duba ƙarƙashin gado ne. Ki faɗa wa Goggonki tsintsiyarta ba ta zuwa nan."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Da ta wanke shi ta canza masa kaya, sai ta ga ƙugunsa ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa tawada. Ta riƙe hannunsa mai lafiya ta ce, "Baba, na yi maka alkawari. Ba zan ƙara fita in bar ka kai kaɗai ba, ko kamfanin ne zai kama da wuta."

Ranar Litinin ta shiga ofishin Oga ta zayyana masa komai, har da abin da ba ta so wani ya sani game da tufafin mahaifinta. Ba ta roƙi ƙarin girma ba, ba ta roƙi a rage mata aiki ba. Abu ɗaya ta nema: Wakili ya riƙa amsa mata daga gida.

Ya ce zai kai maganar wajen Likita, wato matar da ta kafa kamfanin, wadda ita ce shugabar kowa. Bayan 'yan kwanaki, suna wucewa a baranda, ya ce mata a tsaitsaye, "Af, na kai maganarki sama. Likita ta ce a'a. Ta ce in aka buɗe wa ɗaya, kowa zai kawo nasa uzurin."

Injiniya mace ce mai bin layi. Ba ta taɓa tsallake na gaba da ita ta je sama ba, kuma bai zo mata a rai cewa babban mutum zai tsaya a baranda ya shara ƙarya a kan abu irin wannan ba.

"To shi ke nan, Oga," ta ce. "Ƙarshen wata zan ajiye aikin."

Ta san abin da maganar take nufi. Da albashin nan ake sayen maganin Baba, da shi mai gasa masa jiki yake zuwa. In ta zauna a aikin, za ta sake barinsa a ƙasa. In ta bari, za ta zauna kusa da shi tana kallon kwalaben magani suna ƙarewa.

Oga ya ɗaga kafaɗa. "Allah ya ba da sa'a. Ni dai Wakili bai taɓa ce mini babansa ba shi da lafiya ba."

Ta tsaya tana kallon bayansa har ya shige. Ranar ko ruwa ba ta iya sha a ofis ba.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare, Oga ya shirya tafiya wani taron masana a wani gari mai nisa. Ya leƙo ɗakin sanyi da jakarsa a kafaɗa.

"Asabar ɗin nan ki kwanta ki huta, Madam. Ki fara sabawa da zaman gida." Ya bubbuga jakar. "Ɗakin nan gaba ɗaya yana cikin nan."

Asabar ta zo. Da hantsi Injiniya ta jingina Baba da matasai, ta ɗaura masa tawul a wuya tana rage masa gemu, shi kuma yana yi mata tsiyar cewa wanzamin da bai iya hira ba rabin wanzami ne. Waya ta yi ƙara. Oga ne.

"Injiniya, kina gida?"

Ta lura yau ba Madam ba ce.

"Ina gida, Oga. Inda ka ce in fara sabawa."

"Akwai 'yar matsala. Gida na uku ya mutu."

Daga baya aka ji yadda abin ya faru, daga bakin waɗanda suke wurin. An fito shan shayi a taron, Oga ya buɗe kwamfutarsa a kan tebur yana nuna wa abokan sana'a yadda yake juya kamfani guda daga nesa. Don ya burge su, ya ce bari ya yi wa gida na uku gyaran da aka tsara yi wani makon. Ya kwashe 'yan hayan ciki ya rarraba su a sauran gidaje. Biyu suka rage. Allon ya yi masa gargaɗi cewa akwai sauran masu aiki a ciki. Shi kuwa kansa yana waige yana ba da amsar wata tambaya, ya danna amincewa, kuma maimakon sake tayarwa ya danna kashewa.

Ɗaya daga cikin biyun nan shi ne ma'ajiyar sakamakon gwaji. Ɗayan kuwa, shi Oga da hannunsa ya kai shi gida na uku tun farko saboda gidan ne sabo, ya ɗaure shi a can don kada kowa ya motsa shi.

"Oga," ta ce a hankali, "Wakili yana gida na uku."

"Na sani yanzu."

Allonsa ya daskare a gaban mutanen da yake burgewa. Wakili ya mutu da umarnin da aka bayar ta bakinsa. Sauran gidajen uku suna nan lafiya, amma an hana su sauraron kowa sai Wakili. Wayoyin baya an zare. Mutumin da ɗakin yake cikin jakarsa ya koma ba shi da komai a jakar sai caja.

"Sai wani ya je ya danna maɓallin da hannu," ya ce. "Ki taimaka, ƙanwata. Rassa sun fara kira."

Yau kuma ƙanwa ce.

"Ba kowa a gida sai ni da Baba. Na taɓa faɗa maka irin wannan maganar, kana wajen aski."

"Wannan daban ne."

"Daban ne, gaskiya. Wancan karon minti ɗaya zai ɗauke ka."

Ya roƙa, ya koma barazana, ya tuna ba a yi wa wanda ya riga ya ajiye aiki barazanar kora, ya dawo roƙo. Ta ce masa ta yi alkawari, ta ajiye wayar. Ta sake ɗaukar almakashi.

Baba yana kallonta da rabin gemu a gyare.

"Uwata, masu jiran sakamakon nan, irina ne?"

"Irinka ne, Baba."

"Suna zaune a benci?"

"Tun safe. Wasu ma ba su karya ba saboda gwajin."

"To ki ɗaure ni a gadon nan da zani ki tafi. Na fi ƙarfin akuya? Ita ma haka ake mata."

"Ba zan ɗaure ka ba, kuma ba zan bar ka ba."

Ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya, kwaɗo ne a jiki. Ta kira Goggo, Goggo tana can ƙarshen gari kuma ƙafarta ta kumbura. Tana tsaye a bakin ƙofa, zuciyarta rabi a benci rabi a gado, waya ta sake ƙara. Wannan karon Likita ce da kanta, kuma muryarta ba wasa.

"Injiniya, an ce wuta ta lalata mana inji, an kira ki kin ƙi zuwa. Ina da mace a reshe tana jiran sakamako kafin a shiga da ita tiyata. Me ke faruwa?"

 Injiniya ta yi magana dalla-dalla.

"Likita, mahaifina ba ya iya motsi. Ranar da na bar shi na zo aiki, a ƙasa na dawo na same shi. Shi ya sa na roƙi a bar ni in riƙa aiki daga gida, kika ce a'a. Na karɓa, ban yi musu ba. Amma yau ba ni da wanda zan bar masa shi."



"Ni na ce a'a? Yaushe?"

"Oga ya ce ya kawo miki maganar."

"Ba wanda ya kawo mini maganar mahaifinki. Ban ma san kina jinya ba." Ta ƙara da cewa, "Turo mini kwatancen gidan. Ki sa takalminki."

Ba a jima ba mota ta tsaya a ƙofa. Likita ta shigo da jakarta, ta ce direba zai kai Injiniya ya dawo da ita, ita kuma za ta zauna da Baba.

Injiniya ta hau bayani tana ɗaura mayafi. Kofin nan ne nasa, mai hanci. A karkata shi ta hagu. Kada a ba shi yana kwance. In an juya shi a sa ƙaramin matashi tsakanin gwiwoyi.

"Kin manta da wa kike magana?" in ji Likita.

"Ban manta ba, ranki ya daɗe. Ciwon kika sani, shi ba ki san shi ba. In ya ce ya ƙoshi, ƙarya yake."

Baba ya dubi baƙuwar sama da ƙasa. "Likita, a wajenku sai an bi layi ake ganinki, ni ga shi kin biyo ni har gado. Kin iya gyaran gemu? An bar ni rabi mutum rabi bunsuru."

A ɗakin sanyi, gidaje uku suna ta ƙyafta koren ido, na uku ya yi duhu a tsakaninsu. Injiniya ta sa yatsa ta danna maɓalli. Fankoki suka ɗauka da ƙara, suka lafa. Ta jawo allo da madannai ta haɗa a jikin gidan, ta jira ya gama farkawa. Ya farka, amma 'yan hayansa suna barci, ƙofarsa a kulle, yana neman kalmar sirri.

Ta kira Oga.

"Gidan ya tashi. Ba ni kalmar in cire kullen."

Ya ce, "Ba wata hanya? Ina neman abin hawa, zuwa yamma zan iso in sa da kaina."

Ku ji fa. Mace tana jiran tiyata, tsofaffi suna zaune da yunwa a benci, shi kuma har yanzu abin da yake karewa ke nan.

"Oga, akwai wadda ba za ta kai yamma tana jira ba. Faɗi."

Ya rage murya, da alama ya koma wani lungu. Ya faɗa da sauri, ba ta ji ba. Ta ce ya maimaita a hankali.

"Kalmar ita ce, ni kaɗai ne," ya ce. "A haɗe. Sai shekarar haihuwata."

Ta dubi madannan na ɗan lokaci.

"Harafin farkon babba ne?"

"Babba."

Ƙofa ta buɗe. Ta cire kullen, ta fara tayar da ma'ajiyar sakamako, ta tsaya har ta ga ta daidaita, sannan ta tayar da Wakili. Ta kira reshen da matar take. Ma'aikaciyar can ba ta ma amsa sallama ba, sai ta kara wayar a jikin injin buga takarda don Injiniya ta ji yana aiki.

Oga ya sake kira kafin ta fita.

"Na gode, ƙanwata. Abu ɗaya. In Likita ta tambaya, mu tsaya a kan maganar wuta."

"Wuta ba ta ɗauke ba, Oga, ba zan ɗora mata laifi ba. Likita kuma tana ɗakinmu yanzu haka tana ba Baba shayi. Ka kira ta ka faɗa mata da bakinka kafin ta tambaye ni, don in ta tambaya zan faɗa."

Ta kashe wayar ta fita. 

Da ta dawo gida ta tarar Likita ta cire takalmi, ta naɗe hannun riga, tana zaune a 'yar kujera. Gemun Baba ya daidaita, ko da yake gefe ɗaya ya fi gajarta. An juya shi, ƙaramin matashi yana inda ya kamata. Amma fuskar Likita ba annuri.

Ta jawo Injiniya bakin ƙofa. "Na ga ƙugunsa. Ya ba ni labarin ƙarƙashin gado, yana dariya." Ta ci gaba da cewa, "Ni na sa hannu aka sayi na'urar nan. An ce mini za ta hutar da ma'aikata. Ban taɓa tambayar wa ta hutar ba."

Ranar Litinin Likita ta kira su biyun ofishinta. Oga bai kira ta ya faɗa mata gaskiya ba, sai da ta tambayi Injiniya. Ya fara bayani da manyan kalmomi, ta ɗaga masa hannu.

"Kuskuren danna maɓalli kowa yana yi, ban riƙe ka da shi ba. Abin da ba zan yafe ba, ka ari bakina ka ce a'a ga maganar da ban ji ba. Tsoho ya kwanta a siminti saboda kana wajen aski, sannan ka ce ni ce."

Ta sauke shi daga shugabancin sashen. Ta ce daga yau Injiniya ce za ta tsara wanda Wakili zai amsa wa da inda zai amsa, kuma in ta ga dama Oga ya riƙa zuwa ɗakin sanyi duk Asabar ya ɗanɗana motar nan biyu.

Injiniya ta dubi mutumin. Zuciyarta ta so hakan, ba za a ɓoye ba. Ta tuna kuncin Baba a kan siminti, ta ji kamar ta ce to.

"A'a, Likita," ta ce. "Shi ma yana da gida. Ban san wa yake kwance a ciki ba, ban kuma san wa zai kwanta gobe ba. Wakili ya amsa mana mu biyu daga ko'ina. A mayar da wayoyin baya. Kalmar gidajen kuma ta zauna a wajen mutum uku, har da ke."

Sai ta ƙara da cewa:

"Amma za a canza ta."

Oga bai ɗaga kai ba.

Ba ta ajiye aikin ba. Asabar ta koma ranar da take zama a kujerar nan kusa da gado, kwamfuta a cinya, hannu ɗaya a cikin na Baba. In ɗan haya ya sandare, sai ta zare hannun, ta danna abin da za ta danna, ta mayar kafin tafinsa ya huce. Shi kuma ya ce, "An rarrashe su, Uwata?" Ta ce an rarrashe su.

Asabar ɗin ba su yi yawa ba. Kafin shekara ta juyo, wata ranar da la'asar, Baba ya cika a kan gadonsa, kansa a kan matashi, hannunsa a cikin nata. Tana nan. Wannan kam ba wanda ya ƙwace mata.

Amma duk waɗancan Asabar ɗin da ta ƙarar a cikin mota tana ratsa gari don ta danna abin minti ɗaya, lokacin da Baba yake da sauran ƙarfin hira, ba wanda ya dawo mata da ko ɗaya. Oga ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma, ya yi addu'a. Ta amsa masa da ladabi. Bai ce komai game da su ba, ita ma ba ta ce ba.

Darasi: Duk damar da aka danƙa maka a wurin aiki don a sauƙaƙa wa mutane aka ba ka, ba don ka rataya ta a wuya a san kai ne babba ba. Wanda ya kulle kowace ƙofa don a riƙa nemansa, ranar da ya kulle kansa a waje zai nemi wanda ya wulaƙanta. Kuma ko an gyara daga baya, kwanakin da ka cinye wa wani tare da mahaifinsa ba sa dawowa. In ka san wani mai riƙe da makulli, a ofis ko a gida, ka tura masa labarin nan tun yau, kafin wani tsohon ya kwanta a ƙasa yana jira.